Yadda kalangun Baba ya shiga cikin iPad ɗina

Shekara uku na yi ina haɗa kiɗa a salula kafin in ji kalmar fulogin a bakin wani. Da rana ina shagon atamfa na kawuna a babbar kasuwar Maraɗi, ina auna yadi ina naɗewa. Da dare kuwa, in an tashi daga fada an ɗauraye butar shayi, sai in shige ɗaki in toshe kunnuwana da ekuter in buɗe FL Studio Mobile a kan Android ɗina. Waƙar biki nake yi wa mutane, irin wadda ake jera sunan amarya da ango da ƙawaye da dangi, a kai wa mai lasifika ya saka ranar wuni. Ba a yin arziki da ita, amma tana biyan kuɗin kati da na man babur, kuma ina son ta har raina.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sauti. Waƙata da ta wani yaro a Bagalam da ta wani a Sabon Gari, in ka rufe ido ba za ka bambance su ba, domin fiyano ɗaya muke taɓawa, ganga ɗaya muke bugawa, waɗanda suka zo tare da manhajar. Wata hajiya da na yi wa ɗiyarta waƙa ta biya ni cif, sannan ta ce, “Ta yi daɗi, ɗana, amma ana jin kiɗan salula ne.” Cikin mutunci ta faɗa. Maganar ta kwana da ni, ta tashi da ni.

Sai na bi wani abokina zuwa wani studiyo a unguwar Zariya, na zauna bayan mai haɗa kiɗan ina kallo. FL Studio ce shi ma yake aiki da ita, amma ta kwamfuta. Yana cikin manhajar sai ya buɗe wata ƴar taga mai launi daban, da sunan wani kamfani daban, ya taɓa maɓalli, sai ga sarewa kamar mutum na hura ta a cikin ɗakin. Ya buɗe wata a kan muryar mawaƙin, muryar ta cika ta zauna daram. Na ce, “Malam, waɗannan fa?” Ya ce fulogin ne, kowanne daban ake sayensa.

Yadda na fahimce shi daga baya, kuma yadda nake yi wa yaran fadarmu bayani yanzu, da masauki nake kwatanta shi. Babbar manhajar ita ce mai masauki, ita ke riƙe da layukan waƙa da ƙidayar kiɗa da naɗin murya. Fulogin baƙo ne da ya zo daga wani gida da sana'arsa a hannu. Baƙin iri biyu ne. Akwai makaɗa, waɗanda in ka taɓa maɓalli su fitar da sauti, fiyano ko bas ko ganga. Akwai kuma masu gyara, waɗanda ba su da sautin kansu, sai an miƙa musu murya ko kiɗa su tace, su matse, su ƙara amo. Amma baƙo ba ya samun shiga sai in suna jin yaren juna da mai masauki. Yaren da ya fi yaɗuwa a kwamfuta shi ne VST, wanda kamfanin Steinberg na birnin Hambog a Jamus ya fito da shi a 1996. Da farko na gyaran sauti ne kaɗai, sai a 1999 aka buɗe wa makaɗa ƙofa. A ranar dai ban san ko ɗaya cikin wannan ba. Haruffa ukun nan kawai na riƙe na fito da su.

Kwana biyu bayan haka na tarar da wani mai tura waƙoƙi da finafinai a bakin tasha, ya ce yana da VST sama da ɗari na salula. Na ba shi jika biyu ya cika mini memori. Dare uku ina fama. Fayilolin suna nan, kowanne sunansa ya ƙare da .dll, amma manhajata ko ganinsu ba ta yi. Na kwashe su daga wannan jaka zuwa waccan, na goge manhajar na sake saukewa, data ta ƙare na sake saye. Ban ce mutumin ya cuce ni da gangan ba, ina jin shi ma haka aka tura masa ya karɓa.

Wanda ya warware mini zaren shi ne abokina mai gyaran salula, wanda ya yi karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kafin ya kafa teburinsa. Ya duba sunayen fayilolin sau ɗaya ya miƙo mini memorin. Ya ce, “Waɗanga wa Windows aka ɗinka su, da ƙwaƙwalwa irin ta Intel ko AMD. Salularka ƙwaƙwalwar ARM gare ta, Android ke jan ta. Ko shekara za ka yi, ba su buɗewa.” Ya kuma ja mini kunne kan manhajojin sata da ake fasawa a raba kyauta, ya ce salular da kake karɓar kuɗin mutane da ita ba wurin saka abin da ba ka san wanda ya taɓa shi ba ce.

A Android, in ji shi, kuma haka na tarar, babu wani yare guda da manyan manhajojin kiɗa suka haɗu a kansa har baƙo daga waje ya shiga ko'ina. Kowace manhaja ɗan shagonta gare ta a ciki. FL Studio Mobile tana sayar da ƙarin sautukanta. Cubasis ta Steinberg, wadda ta iso Android a 2020, tana da nata. Audio Evolution Mobile, ta wani kamfanin Holan, tana da na gyaran sauti na ToneBoosters da ake saye a cikinta, kuma tana karɓar SoundFont. Nan na tsaya kusan wata shida. SoundFont tsohon tsari ne tun shekarun 1990, fayil mai ƙarewa da .sf2 cike da sautin kayan kiɗa da aka naɗa, kuma da yawansu kyauta suke a intanet. Duk wanda Android kaɗai gare shi kada ya raina wannan ƙofa, da ita na fara fita daga fiyanon da kowa ke taɓawa.

A can ne kuma na lura da abin da ya daɗe yana damuna ban san sunansa ba. Yawancin waɗannan fayiloli suna bin jerin General MIDI ne, wanda aka tsara a 1991, mai kayan kiɗa 128. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Akwai sitar na Indiya, akwai koto da shamisen na Japan, akwai banjo da kalimba, akwai shanai, wani abin busa na Indiya da ya ɗan yi kama da algaita. Babu kalangu, babu gurmi, babu kuntigi, babu kakaki. Shanai ɗin nake sakawa in ana son ƙamshin sarauta a waƙa, alhali duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi ranar hawan Sallah ya san ba ita ba ce.

Abokin nan nawa mai gyaran salula ya ce in dai fulogin na gaskiya nake so a na'urar hannu, sai ɓangaren Apple. Su sun bi hanyar mataki-mataki. A 2012 wata manhaja mai suna Audiobus ta fara haɗa manhajojin kiɗa da juna, a 2013 Apple ya kawo Inter-App Audio, sannan a 2015, tare da iOS 9, ya kawo AUv3. Bambancin yana da nauyi ga mai aiki. A tsohuwar hanya ta Inter-App Audio, baƙon yana zaune a gidansa ne kana leƙa shi ta katanga, sau ɗaya kaɗai za ka iya kiransa a waƙa, kuma in ka rufe sai ka sake saita shi gobe. AUv3 kuwa cikin mai masauki yake buɗewa, kana iya kiransa sau biyar a layi biyar kowanne da saitinsa, kuma saitin yana ajiyuwa tare da waƙar. Tun 2019 Apple ya sanar da cewa tsohuwar hanyar ta zama ta bari. Don haka kafin ka biya ko dala, duba bayanin manhajar ka ga an rubuta AUv3.

Bayan an sake buɗe iyakar Nijar da Najeriya a watan Maris na 2024, na kwashi adashina na ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano ta Ɗan Isa da Jibiya ya taho mini da iPad na hannu. Sharaɗi uku abokina ya rubuta masa a takarda: kada ya zo da iCloud, wato asusun Apple, na tsohon mai shi a kulle, ya zama yana karɓar sabon tsarin Apple domin fulogin da yawa ba sa sauka a tsoho, kuma wurin ajiya kada ya gaza giga 64. Biyan kuɗi shi ma wani dutse ne. Shagon Apple kati yake so, mu kuwa hannu da hannu muka saba, ko aike ta salula. Sai da na je banki na yi katin Visa irin wanda ake zuba wa kuɗi kafin a kashe. Akwai masu sayar da katin kyauta na Apple, amma a kula, na Amurka a asusun Amurka kaɗai yake shiga, na Faransa a na Faransa.

Da GarageBand, manhajar kiɗa ta Apple, na fara, tunda kyauta ce. Fulogin ana sauke shi ne kamar kowace manhaja, hotonsa ya fito a allo. Na sauke na farko, wani na amo, na ruga GarageBand na duba ko'ina ban gan shi ba. Ashe wasu sai ka buɗe su su kaɗai sau ɗaya tukuna, ka rufe, sannan ka sake buɗe mai masaukin. Da na yi haka sai ga shi a wurin da aka rubuta Audio Unit, cikin saitin layin murya. Makaɗan kuma wurinsu daban, can inda ake zaɓen kayan kiɗa na waje. Na rera baiti ɗaya na saurara. Muryata ce, a ɗakina mai rufin kwano, amma kamar a cikin babban zaure. Na daɗe zaune ina maimaita shi.

Daga nan kwaɗayi ya shiga. Na sayi Cubasis, na tara fulogin, na haɗa wata waƙa mai layi goma sha huɗu, kowane layi da na amonsa, da na matsewa, da na tacewa. Da na danna ta tashi sai ƙaras-ƙaras kamar ana suyar gyaɗa a yashi, kiɗan na tsinkewa yana dawowa. Kowane baƙo cin ƙwaƙwalwar na'ura yake, kuma na amo sun fi kowa ci. Abu uku suka fitar da ni. Na farko, amo ɗaya tak na kafa a layi na musamman, kowane layi ya aika masa gwargwadon buƙatarsa. Na'ura ta huta, kiɗan kuma ya zama kamar a ɗaki ɗaya aka yi shi. Na biyu, daskarar da layi, wato in ka gama saita fulogin sai mai masauki ya naɗe sautinsa ya sallame shi, in kana son gyara ka narkar. Na uku, bafa.

Bafa ce na fi daɗewa ban gane ba. Na'ura ba ta sarrafa sauti ɗigo-ɗigo, sai ta tara ɗan mudu sannan ta juye. In waƙa na tafiya a kan ɗigo 44,100 a daƙiƙa, mudu mai 256 yana ɗaukar milisakan 6 ba kaɗan, mai 512 kusan 12, mai 1024 kuma 23. Ƙaramin mudu ba ya jinkiri, amma yana wahalar da na'ura. Babba yana hutar da ita, amma mawaƙi zai ji muryarsa na biyo shi a baya, ya rikice. Saboda haka in zan naɗi murya ko in taɓa fiyano sai in sauko 128 ko 256 in kashe fulogin masu nauyi, in na zo haɗa sauti in hau 1024. Ekuter na Bluetooth kuwa na ajiye shi gaba ɗaya wajen naɗi, jinkirinsa ya fi ƙarfin kowane saiti. Mai waya shi ne na aiki.

Akwai wanda babu littafin koyarwa da zai gaya maka, shi ne zafin Maraɗi. Apple ya ce a yi aiki da na'urarsa tsakanin digiri 0 da 35. Mu kuwa a Afrilu da Mayu mukan haura 40 a inuwa. Na'ura in ta yi zafi da kanta take rage gudu, sai waƙar da ta tashi lafiya da asuba ta koma ƙaras-ƙaras da azahar ba tare da ka ƙara komai ba. Na cire mata riga, na daina aiki tana kan caji, na koma yin nauyin aikin daga bayan isha'i. Wurin zamanta ya zama murfin randar da ke ƙofar ɗakina, inda sanyin yumɓu ke tasowa, da ɗan tsumma busasshe a ƙarƙashi saboda laima.

A murya, abin da kowa ke tambaya shi ne ototun. Sunan ya samo asali daga Auto-Tune na kamfanin Antares da ya fito a 1997, amma yanzu duk mai daidaita murya haka muke kiransa. Kuskuren da nake ji a waƙoƙinmu da yawa, ni ma na yi shi, shi ne barin duk maɓallai goma sha biyu a buɗe. Karin waƙoƙinmu da yawa a kan sauti biyar yake tafiya. In ka bar sauran bakwai, duk lokacin da mawaƙi ya ɗan lanƙwasa murya sai na'ura ta fizge shi ta kai inda bai nufa ba. Ga Hausa kuma harshe ne mai hawa da sauka, wuyan jiki da wuyar rayuwa tashin murya ne ya raba su. In ka ɗaure ototun tamau, kalmomi sukan fito a miƙe kamar baƙo ke furta su. Ni dai na rufe maɓallan da ba na cikin karin, na sassauta saurinsa. Shi nake sawa farko a kan busasshiyar murya, domin in amo ya riga shi sai ya ruɗe. Bayansa na tacewa, in yanke duk sauti mai kauri da ke ƙasa da Hertz 80, inda gurnanin wutar lantarki mai Hertz 50 da na injin maƙwabta ke kwanciya, sai na matsewa, amo a ƙarshe.

Ana cikin haka aka sa bikin ɗiyar kawuna bayan babbar Sallah. Inna, matar kawu, ta kira ni tsakar gida tana tsintar shinkafa, ta ce, “In dai kai za ka yi wa ƙanwarka waƙa, a sa kalangu. Da shi aka kai ni.” Na ce to, Inna. Na shiga shagon Apple na yi ta nema. Na ga tarin gangunan Afirka, jembe ne ya fi yawa, na saurari waɗanda suka yi kusa, babu wanda ya yi kukan kalangun da na sani. Sai na tuna akwai wani irin fulogin da ake sayar da shi fanko, samfula, wanda kai ne za ka zuba masa sauti ka raba a kan maɓallai. Akwai irin su AudioLayer da Koala Sampler. Na ɗauki wanda ke karɓar sauti hawa-hawa. Cikin duk kuɗin da na kashe, wannan ne ban taɓa yin da-na-sani a kansa ba.

Akwai wani tsoho da ke yi wa mahauta kiɗa tun muna yara, kowa Baba yake ce masa. Na sayi goro na same shi a ƙofar gidansa da la'asar, na durƙusa na gaishe shi.

“Baba, so nake in ɗauki muryar kalangunka in sa cikin na'ura.”

“Ka ɗauka ka kai ina, ɗana?”

Ban ɓoye masa komai ba. Na ce in na ɗauka yau, gobe zan iya buga ta ko ba ya wurin, a waƙa goma ko ɗari. Ya yi shiru yana ɓare goro. Can ya ce zai yi, amma in biya shi kamar ya yi kiɗan biki sukutum, kada a yi zambo ko batsa da kalangunsa, kuma duk wanda ya tambaya a ce nasa ne. Na amince, kuma har yau ina ganin ya yi mini rangwame.

Bayan sallar asuba muka yi, kafin babura su cika titi. Na jingina katifa a bango, na kashe fanka, na kafa mikro kamar taƙi ɗaya da rabi daga fatar. Damina ta fara, fatar ta sha laima, sai da ya ɗan gasa ta nesa da garwashin shayi yana shafawa da tafin hannu yana ƙwanƙwasawa har ta yi masa. Ya rataya, ya sa ta a hammata, ya ɗauki ƴar sandar nan mai lanƙwasa. Na ce bugu ɗaya nake so, ya tsaya sai ƙarar ta mutu, sannan wani. Ya dube ni ya ce, “Kalangu ba ya magana da kalma guda.” Amma ya yi. Tsarkiya a sake, a rabin matsi, a matse. Kowanne da bugu mai taushi, matsakaici, da mai ƙarfi. Kowanne sau huɗu. Bugu 36 ke nan. Sannan na roƙe shi waɗanda yake bugawa ya matse hammata sautin ya hau, da waɗanda yake saki ya gangaro. Ina kallon jijiyoyin damtsensa suna tashi suna kwanciya, gumi na bin gemunsa, ni ma rigata ta jiƙe, babu mai motsi sai ƙarar ta ƙare.

Yankan ya ci mini dare biyu. Kowane bugu sai ka datse shi daidai inda sanda ya taɓa fata, in ka bar ɗan shiru a gaba sai kiɗan ya riƙa makara. Na raba su a maɓallai uku. Ƙarfin taɓa maɓalli a tsarin MIDI, wato yaren da maɓallai ke yi wa manhaja magana da shi, daga 1 zuwa 127 ake auna shi, sai na ba mai taushi ƙasa, matsakaici tsakiya, mai ƙarfi sama. Bugu huɗun nan na kowane hawa na sa su riƙa karɓa-karɓa, domin in ɗaya ke maimaituwa kunne na gane shi nan take, sai ka ji kamar keken ɗinki. Gilashin allo ba ya jin nauyin yatsa yadda ya kamata, don haka na aro ɗan fiyanon MIDI mai maɓalli 25 na jona ta USB. Na gwada kwaikwayon matsin hammata da ƴar tayar lanƙwasa sauti da ke gefen fiyanon, ya fito kamar ana jan roba. Na bar shi, na koma ga hawa da gangarar da Baba ya yi da kansa.

Ana saura kwana biyar biki wani fulogin na bas ya tayar mini da hankali. Na jona akwatin da ke haɗa mikro da iPad alhali waƙa na buɗe, sai bas ɗin ya haura sama da sauran kiɗan, komai ya yi tsami. Na duba maɓallan, daidai suke. Abokina ne ya gano. Waƙar a kan 44,100 na fara ta, jona akwatin ya mayar da na'ura 48,000, shi kuma bas ɗin bai ji labari ba. Wannan tazara tana ɗaga sauti kusan maɓalli ɗaya da rabi. Tun ranar sai na jona komai tukuna kafin in buɗe manhaja, kuma lamba ɗaya nake tsayawa a kai daga farko har ƙarshe.

Da na haɗa, na kai wa Baba ya ji. Na sa masa ekuter, ya runtse ido. Bai kai rabi ba ya cire ɗaya ya ce, “Wa ya jefa kalanguna rijiya?” Amon da nake alfahari da shi ne. A fili ake kaɗa kalangu, ƙararsa a bushe take, kusa da kunne. Na rage har ya kusa ƙarewa, ya gyaɗa kai. Sai muka iso inda na yi ƙoƙarin kiran sunan amarya da maɓallai, abin da na kwana ina jerawa ina ƙirga hawa da sauka. Ya saurara sau biyu.

“Bugun nawa ne,” in ji shi, “amma wanga bai ce komi ba.”

Ya aiki jikansa ya ɗauko kalangun. Nan a zauren, da mikro a hannuna, ya kira sunanta, ya kira na ubanta, ya bi da kirarin gidan, duka a numfashi guda. Ni da na san sunayen na ji su sarai, kalma bayan kalma. Tsakanin bugu da bugu akwai ɗan jinkiri da ɗan gaggawa da ba su zauna kan ƙidayar manhaja ba, kuma a nan maganar take. Ban yanka wannan ba, ban sa shi cikin samfula ba. Na shimfiɗa shi yadda yake a layinsa, na dakatar da sauran kiɗan a wurin, na bar shi shi kaɗai da tafi. Samfula ta riƙe kiɗan ƙasa mai tafiya daga farko zuwa ƙarshe, kuma ta yi aikin da kyau.

Saura fitarwa. Na so mutumin studiyon Zariya ya saurara da manyan lasifikansa, amma fayil ɗin aikin ba zai amfane shi ba, tunda baƙina ba sa zuwa gidansa. Layin da fulogin ɗinsa ba ya nan shiru yake yi. Sai na fitar da kowane layi daban a fayil ɗin sauti na WAV, dukansu daga farkon waƙa suke tashi don su hau kan juna daidai. Minti ɗaya yakan kai mega 10, don haka a memori na kai masa da ƙafata. Ya ce bas ya yi ƙasa da yawa, ƙaramar salula ba za ta fitar da shi ba. Na gwada a salular Inna, gaskiyarsa, babu shi sam. Na ɗan ƙona shi da fulogin mai ƙara kaushi har ya fito a ƙaramar lasifika, sannan na yi MP3 na kai wa mai kiɗan biki.

Ranar wuni ina tsaye bayan rumfa kusa da injin wuta. Ƴan mata na rawa kamar kullum. Da aka iso inda kiɗa ya tsaya kalangu ya kira sunan amarya, wata gwaggonmu da ke zaune kan tabarma tun safe ta ɗago kai ta rangaɗa guɗa, sauran tsofaffin suka karɓa. Inna ta aiko yaro ya ce wa mai lasifika a maimaita wurin. Sau uku aka maimaita.

Washegari na kai wa Baba cincin da alkaki na biki, da ɗan abin da aka liƙa mini na raba biyu. Ya karɓa ya sa albarka. Ina shirin tashi ya ce bugun nan 36 bai gamsu da su ba, fatar da laima aka ɗauke ta. In kaka ta yi, iska ta bushe, in dawo da na'urar mu sake, kuma zai kira mini wani abokinsa mai gurmi daga Tsibiri.